Garmar Da Na Ɗaure Da Walda

Nuzla, Jidda.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanina da kai, har tarinka na ji da safe. Allah ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, ya sauke ka Kanada lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na san za ka yi mamakin takarda daga mutumin da kuke cin abinci a faranti ɗaya. Ka yi haƙuri da rubutun, ban yi nisa a firamare ba aka cire ni a Ɗambatta. Na kuma san kai haihuwar Jidda ne, Hausa ta fi zama a kunnenka fiye da idonka. Na gwada rubutawa da Larabci, sai na ga Larabcina na warsha ne, wato gareji, na miƙo sufana da ɗaga mota, bai iya jin kunya ba. Inda kalma ta gagare ka, Ummanka tana nan.

Ka tuna ranar da ka tara mu ka nuna mana bidiyon da Hamisu ya turo maka daga Kanada, na garejin da ya samo maka aiki? Ko'ina fari fat, ga wata ƙatuwar a-kori-kura da garma a gabanta tana ture dusar ƙanƙara daga kan hanya. Ka ce aikinku ke nan idan sanyi ya ƙarato, ɗaura wa motoci irin wannan garma. Ƙanwarka Hanan tana dariya, Ummanka tana ta salati saboda sanyin. Sai garmar ta ci karo da wani abu a ƙarƙashin dusar, ta sunkuya gaba kamar mai ruku'u, ta haye abin, ta miƙe da kanta, motar ta wuce abinta. Ka ce, "Shuf, Baba, duba, wallahi dabara ce." Ni kuma na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata. Ka ɗauka tafiyar ce ba na so. Ba ita ba ce.

Ni na taɓa ɗaura irin wannan garma, a nan Jidda, kana rarrafe. Kuma da ita na nakasa Baba Idi, yayan Hamisun da za ka sauka a hannunsa. Ka taso ka ga hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, aka ce maka hatsarin mota ne. Ba ƙarya aka yi maka ba, amma ni na shirya hatsarin da hannuna. Ina gaya maka ne saboda ina kallonka idan kana aiki. Hannuna ka ɗauko, ka kuma ɗauko bakina, wanda "ban sani ba" take yi wa nauyi. Ba na son ka kai wannan gadon garejin mutane.

Ga yadda aka yi. Kafilina na lokacin, wato uban gidan da ke riƙe da takardun zamana, Abu Nayif, ya sayo wata babbar a-kori-kura ta Amurka a gwanjo, daga cikin tsofaffin motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. A bayanta akwai tarin ƙarafa: garma mai faɗi kamar ƙyauren shago, da ƙarfen da ke riƙe ta, da famfon mai da ke ɗaga ta, da fitilu biyu masu dogon wuya. Wani ya gaya masa ta dusar ƙanƙara ce. Ya ce to, yashi ma ai tura shi ake yi. Yana da shaguna da hanyar gona da yashi ke rufewa, ga laka idan an yi ruwa. Ya tsaya tsakiyar warsha ya ce, "Wa ya san aikin nan?"

Ni ne ƙarami a cikin ma'aikatan, ina so a san da ni, sai na ji bakina ya ce, "Ni na sani." Abba, ƙanƙarar da na taɓa gani a duniya ita ce ta cikin firji. Da na ce "ban sani ba, amma zan duba", da aikin dai ni za a ba, kuma da ƙofar tambaya ta zauna a buɗe. Amma wanda ya ce ya sani ya rufe wa kansa baki, don duk tambayar da zai yi daga baya ƙaryata kansa ce. Idan ka je can, ranar farko za su tambaye ka abin da ka iya. Ka faɗi abin da hannunka ya taɓa yi, ka tsaya nan. Kada ka ƙara ko noti ɗaya.

Kada ka ɗauka gaggawa ce ta kayar da ni. Har yau mutane suna yabona da haƙuri, kuma a tsanake na yi kuskurena. Na baza ƙarafan a ƙasa ina kallonsu kamar mai karatu. Na kwanta ƙarƙashin motar na ga tsofaffin ramuka a shasi, wato ƙashin bayan motar, na gane a nan ake ɗaure ta, ba a bamba ba. Na cire bamba, na daidaita ramukan, na ɗaure kowane noti. Da na rataya garmar sai na ga gaban motar ya durƙusa, bayanta ya yi sakayau, na loda mata buhunan yashi a baya har ta daidaita. Na lura garmar tana tare fitilun mota, sai na gane amfanin masu dogon wuyan nan, na haɗa musu waya. Na lura tana tare wa lagireto iska idan an ɗaga ta sosai, na gaya wa direba kada ya yi tafiya mai nisa da ita a sama. Duk wannan daidai na yi, ba wanda ya koya mini. Kuma shi ya cuce ni, don da na ga na canki abubuwa da yawa sai na yarda sauran ma zan canka.

Abu biyu ne suka rage. Na farko wasu 'yan ƙarafa masu kama da faranti a ƙarƙashin garmar, waɗanda ke hana bakinta taɓa ƙasa sosai. Na ce wannan ai ɓata aiki ne, ina so ta kankare ƙasa tas, na kwance su na jefa kwandon tarkace. Na biyu manyan sifirin a bayan garmar. Idan ka tura samanta da ƙarfi sai ta sunkuya gaba, sifirin ɗin su dawo da ita. Na tsaya ina girgiza ta ina tuna garmar shanun babana, kakanka da ka ci sunansa. Idan ta fara rawa a gona, tsayar da shanu yake yi ya buga mata ƙusa, don garma mai rawa ba ta yin kunya miƙaƙƙiya. Na ce lallai wannan ta tsufa ne, ta saki. Na jawo injin walda.

Akwai wani dattijo ɗan Pakistan a warshar, Mu'allim Rashid, mutumin kan duwatsu ne, a garinsu ana yin dusar ƙanƙara. Ya zo ya dafa kafaɗata, ya nuna sifirin ɗin, ya ce da irin Larabcinsa, "La, la, sadik. Wannan dole ya motsa." Wato a'a, a'a, aboki. Na ji shi sarai. Abin da ban sani ba shi ne dalili, kuma kalma ɗaya ce tsakanina da dalilin: "Lesh?", wato "don me?" Amma Abu Nayif yana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne, sauran ma'aikata suna kallo, ni kuma na riga na ce na sani. Sai na yi murmushi na ce, "Tamam, Mu'allim, tamam." Na jira ya tafi cin abinci, na kawo ƙarfe mai kauri na haɗe garmar da mariƙinta, hagu da dama. Walda ce mai kyau, Abba. Ban taɓa yin wadda ta fi ta kyau ba. Har goge ta na yi na shafa fenti.

Turancinka bai nuna ba tukuna, na sani, kai ma ka sani. Za su yi maka bayani da sauri, ka kama rabi rabi ya wuce, kanka ya fara gyaɗawa da kansa. Ka tsayar da shi. Ka ce a maimaita, ka ce a nuna maka da hannu. Za su yi dariya, wataƙila su sa maka suna. Ni ba a yi mini dariya ba ranar nan, na tsira da mutuncina cif, ga shi ina rubuta maka wannan takarda. Kuma duk abin da ka gani a jikin ƙarfe yana motsi, ko yana da rata, ko ya yi maka kama da sakaci, ka ɗauka wani ne ya zauna ya yi shi haka da gangan, har sai ka gano dalilinsa. Abin da ya yi daidai a gonar Ɗambatta ba dole ya yi daidai a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba.

Direban motar shi ne Idi. Tare muka yi zaman ɗaki a unguwar Karantina kafin in auri Ummanka. Shi Badamagare, ni Bakano, ka san wasan da ke tsakani, bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Da na gama garmar ya zagaya ta ya ce, "Bawana, yau kuma jirgin ƙasa ka ƙera? Idan ta kashe ni, kai za ka yi wa matata bayani." Na ce, "Ku Damagarawa jaki kuka sani, hau ka ga aikin Kanawa." Muka yi dariya.

Na gwada ta, amma a filin bayan warsha, a kan yashi mai laushi da ni da kaina na zuba, na san babu komai a ƙarƙashinsa. Wannan ba gwaji ba ne, neman yabo ne. Duk abin da ka ɗaura wa motar mutum, kai za ka fara shiga ka tuƙa, a irin wurin da zai yi aiki da ita, a hankali, kana saurare. Kada ka miƙa makulli kana fatan alheri.

Ba a daɗe ba aka yi ruwa mai ƙarfi, laka ta rufe titin gaban shagunan Abu Nayif. Da hantsi muka je. Idi ya sauke garmar ya fara turawa, laka tana naɗewa gefe, masu shaguna suna tafi. Ina tsaye a gefe ƙirjina ya cika. Da ya ga abin yana tafiya sai ya ƙara mai. A ƙarƙashin lakar akwai murfin ƙarfe na magudanar ruwa, bakinsa ya ɗan taso sama da kwalta. Da farantan nan suna nan, da wataƙila garmar ta haye shi. Da sifirin ɗin suna aiki, da ta sunkuya ta wuce kamar yadda ka gani a bidiyo. Amma na cire wancan, na ɗaure wannan. Motar ta tsaya cak kamar ta daki bango, bayanta ya ɗaga sama da buhunan yashin duka ya dawo. Waldata ba ta ko tsage ba. Shasin motar ne ya lanƙwashe, Idi kuma ya daki sitiyari da kafaɗa da ƙirji.

Da muka fito da shi yana numfashi da ƙyar, abin da ya fara cewa shi ne, "Ban da asibiti." Iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare, tana hannun kafili ana jiran sabuntawa, yana tsoron a kira 'yan sanda a ƙare da tarhil, a mayar da shi gida. Na ce, "A kai shi asibiti mana," amma a hankali na faɗa, sau ɗaya. Wannan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Da ya sake cewa a'a, wani sanyi na ji a cikina, don na san idan aka yi rahoto za a tambayi wanda ya ɗaura garmar. Muka kai shi wurin wani mai ɗori a Karantina. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, amma karayar ta cikin gaɓa ce, ta haɗe a karkace. Idi bai ƙara tuƙi ba.

Idan wani ya ji ciwo a dalilin aikinka, Allah ya kiyaye, to a wannan lokacin kada ka saurari cikinka, don kanka kawai zai tuna maka. Ka ɗaga murya a kai shi inda ya kamata, ka faɗi abin da ka yi tun kafin a tambaya. Takardun zama ana sake su. Kafaɗa ba a sake ta.

Washegari Mu'allim Rashid bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya kama hannuna ya miƙar da shi ya buga tafina a bango, na ji zafin har wuya. Ya lanƙwasa gwiwar hannun ya sake bugawa, ban ji komai ba. Ya ce a ƙasarsu dusa tana rufe dutse da kututture da bakin titi, direba ba ya ganin komai, shi ya sa ake barin garma ta sunkuya. Ya sake ni ya koma aikinsa. Bayanin duka bai kai shan kofin shayi ba. Abu Nayif ya ɗauka Idi ne ya yi gudu, ni kuma ban gyara masa ba.

Da farko ina zuwa duba Idi. Da ya warke ya fara fitowa masallaci, sai na tsaya a sahu bayansa. Liman ya yi kabbara, kowa ya ɗaga hannu biyu zuwa kunne, na Idi na hagu ya kai, na dama ya tsaya a ƙirji yana rawa. Sau biyar a rana. Na koma sahun gaba don kada in gani, sai na ji kamar idonsa yana kan ƙeyata. Na canja masallaci. Daga nan na koma aika Ummanka da shinkafa da mai, da kayan salla na yara. Da aka haifa masa Rabi na aika da rago ban je ba. Na riƙa gaya wa kaina ai ina taimako. Ba taimako ba ne, kuɗin ɓuya nake biya. Da aka rushe Karantina mutane suka watse, har daɗi na ji a ɓoye, na ce yanzu ban ma san inda yake ba. Alhali Ummanka ta sani, kai ma kana zuwa gaishe shi.

Kada ka aika da kaya inda fuskarka ya kamata ta je. Kunya idan ta kwana ƙaruwa take yi, ta shekara ɗaya ta fi ta wata ɗaya nauyi, har ta kai ba ka iya ɗaga ta.

Da maganar tafiyarka ta taso, na san Hamisu ba zai nemo wa ɗan wani aiki ba sai da yardar yayansa. Na kasa barci mai daɗi. Ina tsoron idan na je na tayar da tsohon zance, a fasa, in zama na karya Idi na kuma tare wa ɗana hanya. Ina kuma tsoron ka tafi ka ci abincin gidansu alhali ni ban iya haɗa ido da babbansu. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na ce muku zan je duba wata mota. Unguwar Madain Fahd na je wurin Idi, gidan benen da yake gadi.

Na same shi a ƙofa yana fama da babbar gorar ruwa, yana so ya ɗora ta kan na'urar sanyaya ruwa da hannu ɗaya da gwiwa. Ya yi furfura. Ya ɗago ya dube ni, bai amsa sallamar da kyau ba ya ce, "Bawana, ka tsaya kallo ne? Kama nan." Na ɗora masa. Ya ba ni kujera shi ya zauna kan bokiti.

Na fara jawabin da na shirya a mota. Na ce, "Idi, garmar nan, ni ne na..."

Ya ce, "Ka yi mata walda. Ina wurin ai, ni na riƙe maka fitila. Ka zo ba ni labarin abin da na gani ne?"

Na ce, "An hana ni, na ƙi ji. Kuma da ka ce ban da asibiti, daɗi na ji."

Ya kalli titi. Can ya ce, "Wannan ban sani ba." Wani ɗan haya ya fito ya miƙa masa makullin mota a wanke, ya karɓa da hagu.

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Ka yi shekaru kana shirya zuwa, ni kuma kana so in shirya amsa kafin magariba? Ku Kanawa komai ciniki ne. Ban yafe ba tukuna. Ka dawo Juma'a mai zuwa, ka zo da kayan aiki, famfon bene na uku yana zuba. Wata Juma'ar ma ka dawo. Za mu gani."

Na ce, "To maganar yaron fa?"

Ya juyo sosai ya dube ni. "Abba ne ya yi waldar? Yaron da ke zuwa ya wanke mini motocin mutane ba tare da na roƙa ba? Kada ka ƙara haɗa shi da wannan. Amma abu ɗaya. Hamisu ya ce irin wannan garmar za su ba shi ya ɗaura. Kafin ya hau jirgi ka gaya masa duka, har da na asibitin. Da bakinka, ba ta bakin uwarsa ba."

Na wanke motar ɗan hayar kafin in taho. Bai hana ni ba, bai kuma gode ba.

To ka ji, Abba. Saura 'yan ƙananan abubuwa. Ka riƙe sallarka ko da rana ta gajarce ta rikita maka lokaci. Ka sayi takalmi mai kyau kafin waya mai kyau. Hamisu babanka ne a can, matarsa uwarka ce, kada ka zauna a yi maka hidima. Ka riƙa kiran Ummanka da Hausa, ko da tana karyewa, ita ba za ta yi maka dariya ba, Hanan ce za ta yi.

Idi ya ce da bakina, kuma takarda ba baki ba ce, na sani. Na rubuta ne don in ga ko maganar za ta iya fita daga cikina, ga shi ta fita. Gobe bayan la'asar ka same ni a warsha, mutane sun ragu a lokacin. Zan zaunar da kai in sake faɗa maka daga farko kana kallona, ka tambaye ni duk abin da kake so, ba zan tashi yin alwala ba. Ranar Juma'a kuma tare za mu je Madain Fahd, kai ka yi sallama da shi, ni in gyara famfo.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sanyin ƙasar da sharrin hanya. Allah ya sa albarka a hannunka, kada ya sa a cutu da shi. Ya kare waɗanda za su tuƙa abin da ka ɗaura, su koma wa iyalinsu da gaɓoɓinsu cikakku. Ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Lawal